Aji, goyo da karatun digiri daga nesa: amsa ga wata malama

Tambayar ta fito ne daga wata malamar firamare a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Tana da NCE, tana da aure da 'ya'ya huɗu, ƙaramin yana goye. Ta shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, domin yin digirin koyarwa, ta yi rajistar kwas tara a zangon farko, uku suka kayar da ita. Ta ce makaranta na ja, gida na ja, littafi kuma da ta buɗe shi sai barci. Shin ta haƙura har yara su tasa, ko akwai dabarar da ba ta sani ba?

Malama, sannu da ƙoƙari. Ba mu ga dalilin ajiye karatun ba tukuna. Abin da ya tsaya mana a bayaninki shi ne kwas tara ɗin nan, a nan gizo ke saƙar. Malamin da ke karatu daga nesa sau da yawa tun ranar rajista yake faɗuwa, ranar da mai shagon kwamfuta ya buɗe shafinsa ya zaɓa masa duk kwas ɗin da aka jera wa matakinsa, shi kuma ya biya kuɗi ya tafi yana murna. Jerin nan an tsara shi ne da tunanin ɗalibin da karatu ne babban aikinsa. Ke kuwa karatu ne aikinki na uku.

Ɗauki takarda ki rubuta mako guda na rayuwarki yadda yake, kada ki ƙawata shi. Daga fita da safe zuwa dawowa wajen ƙarfe biyu, na 'yan ajinki ne. Tsakanin azahar da la'asar, musamman a bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai goyon da ta wuni tsaye gaban allo ba ta da kan karatu, kada ma ki sa shi a lissafi. Abin da ke saura ga irinki shi ne awa ɗaya a gefen asuba, kafin kiran salla ko bayan an sallame, kafin a ɗora ruwan wankan yara. Kwana biyar, awa biyar ke nan. Sai awa ɗaya bayan isha'i, amma dare uku kawai a mako, domin sauran dararen na maigida ne da duba littattafan ɗalibai da gajiya. Sai awa uku ranar Asabar, uku ranar Lahadi. Sai ɗan abin da za ki tsinta idan an fita tara, ko idan malamin Arabiyya ya karɓi ajinki, a ce awa biyu a mako. Jimla awa 16. To, cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zazzaɓin yaro, da suna, da ta'aziyya, da baƙin da suka zo ba sanarwa, da daren da ba wuta kuma fitila ta mutu. Saura awa 12. Daga gama rajista zuwa fara jarrabawa, ki ƙaddara kina da mako 12 na karatu. Awa 144 ke nan a hannunki, ba ƙari.

Yanzu ki duba abin da kwas ɗaya ke ci. Littafin kwas mai yunit biyu (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas) yakan ƙunshi darasi wajen 15. Idan kowane darasi ya ci awa ɗaya da rabi, kika ƙara lokacin aikin TMA, wato gwajin da ake yi cikin zango kafin jarrabawa, da na bita, kwas ɗaya zai cinye awa 25 zuwa 30. Awa 144 za ta ɗauki kwas biyar. Kwas tara yana neman kimanin awa 250. Ba rashin ƙwaƙwalwa ya kayar da ke ba, kin ɗauki aikin da ya kusa ninka lokacinki ne.

Kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗin sake rajista ba. A ma'aunin jami'o'inmu, C na ba da maki 3 a kan kowane yunit, F kuma sifili, amma ana lissafa yunit ɗin kwas ɗin da aka faɗi cikin abin da za a raba da shi. Misali, kwas tara masu yunit bibbiyu yunit 18 ne. Idan kin ci C a shida kin faɗi uku, maki 36 za a raba gida 18, GPA ɗinki, wato matsakaicin makinki, ya zama 2.0. Da kwas biyar kika ɗauka kika ci C ɗin nan a dukkansu, 3.0 za ki samu. Mai NCE da ta shiga daga aji biyu tana bukatar kusan yunit 90 kafin ta kammala. A yunit 12 kowane zango, wato kwas biyar idan biyu daga ciki masu yunit uku ne, zango takwas ne, shekara huɗu, maimakon ukun da ake kwaɗayi. Shekara ɗaya ce tsakani, kuma mai jan kariyoba, wato kwas ɗin da ta faɗi, daga zango zuwa zango ita ma shekara huɗun za ta yi ko fiye, da sakamako mai rauni. Sauri kan haifi nawa. Akwai mafi ƙarancin yunit da mafi yawansa da jami'a ta yarda a ɗauka a zango, kuma akwai jami'i mai ba ɗalibai shawara a cibiyar karatu. Shi za ki zauna da shi kafin rajista ta gaba, ya nuna miki kwas na dole da na zaɓi, da wanda sai an ci shi ake ɗaukar na gabansa.

Game da ukun da suka kayar da ke, kada ki haɗa su a kwando ɗaya. Duba kowane a shafinki. A NOUN, TMA na ɗauke da maki 30, jarrabawa 70, ana tsallakewa da 40. Idan makin TMA ne babu ko bai cika ba saboda an rufe kafin ki yi, matsalar ta kalanda ce. Idan TMA ya yi kyau, a ce 26, amma kika kasa samo 14 daga cikin 70, to ba ki karanta littafin ba, ko kuma amsoshin TMA ɗin ba daga kanki suka fito ba. Idan kuma kin zauna jarrabawar amma sakamako bai fito ba, wannan ba faɗuwa ba ce, ƙorafi ake shigarwa a rubuce, da takardar rajistar jarrabawa a haɗe. A nan ne za ki tabbatar da abu ɗaya da ke rikita sababbin ɗalibai: rajistar kwas daban take, rajistar jarrabawa daban, kowace da kuɗinta. A zango mai zuwa ki ɗauki ukun nan, ki ƙara sababbi biyu, ki tsaya. Kin riga kin san rabin hanyarsu, don haka zango ne na farfaɗowa.

Bayan lissafin awa sai na kalanda. Kalanda uku ke mulkin rayuwarki kuma ba mai shawara da wata: ta makarantar da kike koyarwa, ta jami'a, da ta gida. Samo babbar takarda ki ja layin watanni shida, ki zuba su duka a kai. Daga makaranta: makon gwaji, makon jarrabawar ƙarshen zango, makon maki da cika katin sakamako, ranakun hutu. Daga jami'a: rufe rajista, rufe TMA, fara jarrabawa. Daga gida: azumi, salla, bikin da aka sa rana, shuka da girbi idan kuna noma, ranakun rigakafin jariri. Duk inda biyu suka hau kan juna ki sa jan biro. Makonnin nan masu ja ba na sabon karatu ba ne, dole a gama abin da ya kamata kafin a iso su. Wanda ya fi yi wa malamai illa shi ne haɗuwar makon maki da rufe TMA, domin malamar da ke da takardun yara 70 ko 80 a darussa da yawa ba ta da daren kanta.

TMA uku ne a kowane kwas, maki goma-goma, a intanet ake yin su. Raba littafin gida uku, duk kashin da kika gama ki yi TMA ɗinsa a makon. Ki ɗauka cewa ranar rufewa ta gaskiya ita ce kwana goma kafin wadda aka sanar, saboda a kwanakin ƙarshe kowa ke rububin shiga, shafi ya yi nauyi, sabis kuma ya zaɓi ranar ya ɗauke. Mutanen Zamfara ba sa bukatar a tuna musu abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya na makonni. Wanda littattafansa ke cikin wayarsa ya ci gaba da karatu, wanda ya dogara da buɗe su a intanet ya zauna. Saboda haka ranar da kika gama rajista, ki sauke littafin kowane kwas, kyauta suke a shafin jami'ar, ki ajiye a waya da katin memori, ki tura kwafi ga wayar wani a gidan. Waya a hannun mai goyo ba ta da tabbas, ko ta faɗa bokiti ko yaro ya goge abin da ke ciki. Kwas biyun da suka fi miki wuya ki buga su a takarda, gaba da baya don rage kuɗi, a ɗinke su kashi-kashi yadda ɗaya zai shiga jakarki ta makaranta. Karatun dare a waya yana gajiyar da ido, ga saƙonnin WhatsApp na shigowa. Fitila mai caji da hasken rana ta fi fawabank amfani ga wannan aiki, ko da yake duka biyun suna da rana.

Za a sa ki a zaurukan WhatsApp inda ake raba amsoshin TMA, wasu kyauta wasu da kuɗi. Ban da kasancewarsa maguɗi, ciniki ne na asara: kin sayi 30, kin bar 70 ba kowa. TMA shi ne kaɗai ma'aunin da ke gaya miki ko kin gane kafin ranar jarrabawa. Abin da ke da amfani a zaurukan shi ne sanarwa da tsofaffin tambayoyi. Haka nan kada ki bar wa mai shagon kwamfuta lambar sirrinki. Ki zauna kusa da shi, ki karanta lambar kowane kwas da idonki kafin ya danna, ki karɓi takardar Remita da ta rajista a buge, ki adana su a fayil ɗaya har ranar da shaidar digiri ta shigo hannunki.

Yadda ake karanta littafin ma yana da tsari. Kowane darasi yana farawa da manufofinsa, yana da tambayoyin gwada kai a ciki. Fara da su, sannan ki karanta kina neman amsarsu. Da kin gama, rufe littafin ki faɗa wa kanki abin da kika gane da Hausa, kamar kina koyar da shi, sannan ki rubuta shi da Turanci a layi biyar ko shida cikin littafin rubutu na musamman. Wannan littafin ne za ki yi bita da shi, ba mai shafi 200 ba. Lokacin asuba na sabon abu ne mai wuya, irin ƙididdiga da dabarun bincike. Dare na bita ne da TMA. Minti goma sha biyar na lokacin tara ya isa a duba taƙaitawar jiya. Ki kuma san cewa salon jarrabawar yana sauyawa: a matakan farko a kwamfuta ake yi, zaɓi da cike gurbi, inda kuskuren harafi ɗaya kan ci maki, daga aji uku kuma yawanci rubutu ne da biro. Wadda ta saba da danna amsa takan sha mamaki ranar da aka ce ta cika shafuka cikin awa biyu. Tun yanzu, kowace Asabar, ɗauki tsohuwar tambaya ɗaya ki amsa ta a rubuce cikin minti 25 da agogo a gabanki.

Barcin da kika ce yana ɗauke ki ba lalaci ba ne, bashi ne jiki ke karɓa. Mai shayarwa da ke kwana ƙasa da awa shida ba za ta riƙe abin da ta karanta ba, ko ta sha shayi kofi nawa. Idan za ki tashi kafin asuba, ki kwanta da wuri, ki yi ƙailula ko ta minti 20 ce. Daren da jariri ya hana ki barci, karatun asubar ya faɗi, shi ya sa muka cire kashi ɗaya cikin huɗu tun farko. A watan azumi, bayan sahur zuwa fitowar rana ne kawai lokacin da za ki dogara da shi, goman ƙarshe kuma ki cire su daga lissafi gaba ɗaya.

A ɓangaren makaranta, hanyar samun lokaci ita ce rage maimaita aiki, ba satar lokacin yara ba. Malamar da ta ba aji kwafin rubutu ta koma bayan aji tana karanta littafin jami'a ta ci amanar da ake biyan ta albashi a kai, kuma hedimasta zai gani, ranar da za ta nemi izinin jarrabawa zai tuna. Abin da ya halatta shi ne ki rubuta lesin not na mako huɗu ko biyar a jere lokacin hutu, ki adana na bana don gyarawa baɗi maimakon farawa daga fari. Aikin aji ki duba shi a aji kina zagayawa, gajerun gwaje-gwaje yara su yi musayar littafi a yi maki tare a kan allo, ke kuma ki bi samfuri ki tabbatar. Makin gwaji ki shigar da shi a rajista a makon da aka yi, kada ya taru. Sannan ki nemi abokiyar aiki ɗaya ku ƙulla yarjejeniya a gaban hedimasta: ta riƙe ajinki ranakun jarrabawarki, ki rama mata da adadin darussan. Ki bar mata aikin da za ta ba yaran a rubuce. Akwai kuma riba da mai koyarwa ke da ita a kan ɗalibin da bai taɓa riƙe alli ba. Abin da kika karanta a kwas ɗin auna fahimtar ɗalibai, da shi za ki tsara jarrabawar ajinki a makon. Wanda aka yi aiki da shi ba ya bukatar hadda.

Gida shi ne inda maganar ta fi tsawo, domin nan ne awa 12 ɗin za ta fito ko ta ƙi fitowa. Izinin da maigida ya bayar ranar da kika sayi fom izini ne na baki ɗaya, bai san abin da ke cikinsa ba. Ki kai masa takardar kalandar nan a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa a fili: ga makonnin da zan kwana Gusau don jarrabawa, ga Asabar ɗin da nake son awa uku ba a kira ni ba, ga watan da kuɗin rajista zai faɗo. Namiji ya fi saurin yarda da abin da ya san iyakarsa. Abin da ke kawo rigima shi ne ba-zata, a wayi gari ki ce gobe kina da jarrabawa. Idan kina da abokiyar zama, maganar musayar ranar girki a makon jarrabawa ta bi ta hannunsa, a yi ta tun da wuri, kuma ki biya kwanan da kika ranta cif. Idan da uwar miji a gidan ko kusa, ki sanar da ita da bakinki kafin ta ji a wani wuri. Goyon bayan Inna ko Hajiya yakan kashe maganganun dangi tun ba su tashi ba.

Awa ukun Asabar ba za ta samu a tsakar gida ba, inda kowane yaro ke ganin ki. Ko ki shiga ɗaki a san cewa an rufe, ko ki tafi ajin makarantarku da ba kowa, ko gidan wata abokiyar karatu. Ki shayar da jariri ya ƙoshi kafin ki fara. Yara masu wayo kuma a sa lokacin aikin gidansu na makaranta ya zo daidai da karatunki na dare, kowa da littafinsa a tabarma ɗaya. Ba za ki yi karatu mai zurfi a haka ba, amma bita za ta yiwu.

Girki ne babban mai cin lokaci. Inda ba firji ko ba wutar da za ta riƙe shi, a dogara da busassun kaya: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, dakakken yaji da daddawa, garin kunu, garin ɗanwake. Kayan miya a niƙa da yawa ranar Lahadi a soya su sosai da mai har ruwan ya ƙone, suna kwana biyu zuwa uku idan ana ɗumamawa safe da yamma. Tuwon dare a ƙara yawansa ya zama ɗumamen safe. A makon jarrabawa ba abin kunya ba ne a sayi ƙosai ko hoce, a ci garau-garau, a ba wankau kaya, a sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Ki sa wannan cikin kuɗin karatu tun farko, don kuɗin karatu ne. Abu ɗaya muke ja miki kunne a kai: kada nauyin ya koma kan babbar 'yarki har ta fara makara ko fashin makaranta da Islamiyya. A raba aikin har da yara maza, shara da wanke-wanke da aike ba su da jinsi. Idan da hali a ɗauko mai taya raino, a fi son babbar mace, ba yarinyar da ita ma aji ya kamata tana ciki ba.

Zumunci kuma sai an yi masa dabara. Ta'aziyya da dubiya ba a ɗaga su. Biki da suna kuwa ana iya zuwa barka da wuri, a kai gudummawa, a ba da uzuri, ba sai an wuni ba. Za a yi magana, 'yar boko ta fi ƙarfinmu. Ki jure, ki rama da ziyara lokacin hutu. Malamai maza da ke karanta wannan, lissafin ɗaya ne, sai dai abin da ke cin lokacinku daban: zaman majalisa bayan magariba, gona da damina, da ɗan lesin ko sana'ar da ake cike gibin albashi da ita. Zangon da ya faɗo tsakanin Yuni da Satumba, mai noma ya rage kwas.

Tafiya jarrabawa sai an yi mata shiri na musamman a wannan jiha. Daga Talata Mafara za ki bi ta Maru da Bunguɗu kafin Gusau, kuma kowa ya san ba a sammako da duhu ko tafiyar yamma a hanyoyinmu. Idan takardarki ta safe ce, ki isa tun jiya da rana. Da jadawali ya fito, ki duba ranakun da suka kusanci juna ki yi zama ɗaya a gidan 'yan uwa maimakon kai-komo. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da jariri, don haka ki tafi da wadda za ta riƙe shi a waje, ki shayar da shi dab da shiga. Jadawali yakan sauya tsakanin na gwaji da na ƙarshe, ki sake dubawa kwana biyu kafin tafiya. Katin shaida da takardar rajistar jarrabawa su kwana a jaka. Idan labarin hanya ya ɓaci a ranar, ki zauna. Kwas ana sake shi.

Sai maganar takardu, wadda mutane ke mantawa har sai sun gama. Shin kin nemi izinin ƙaro ilimi a rubuce? Malamar firamare takan rubuta ta hannun hedimasta zuwa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zuwa SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, da kwafin takardar shiga jami'a. Ko da karatun ba ya hana ki zuwa aiki, wannan takardar ce ke sa a karɓi digirin cikin sauƙi ranar da kika kawo shi don gyaran matsayi, ita ce kuma madogararki wajen neman izinin ranakun jarrabawa. Idan ba ki yi ba, ki rubuta yanzu, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NCE, da sakamakon sakandare, da NIN, da shafin jami'a, gyara tun yanzu ya fi sauƙi. Ki kuma san abin da digirin zai ba ki don kada ki sa rai da abin da babu. Mai NCE kan fara aiki a mataki na 07, mai digiri a 08, saboda haka idan kin riga kin wuce nan ba lallai albashi ya yi tsalle nan take ba. Amfaninsa yana gaba: yana ɗage rufin da mai NCE ke tsayawa a ƙarin girma, yana buɗe ƙofar shugabanci da digiri na biyu, a rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, kuma yana ɗaga ki daga rukunin D zuwa C.

Kuɗi ki lissafa su kashi-kashi: rajistar zango, kuɗin kowane kwas, kuɗin kowace jarrabawa, bugun littattafai, data, mota, guzuri da ɗan abin da za ki riƙa wa masu masauki. Ga mai nisa da cibiya, na tafiya kan iya kamo na rajista. Ki tara jimlar ki raba gida shida, ki riƙa cirewa ranar da albashi ya shigo. Idan kina adashi da malamai, ki roƙi kwasarki ta faɗo watan rajista. Rage kwas yana rage wannan nauyin ma. Bashin da ake cira daga albashi da ruwa mai yawa kuwa, ki nisance shi.

Akwai lokacin da dakatawa ce daidai: cikin da ya zo da laulayi mai tsanani, haihuwar da za ta faɗo kusa da jarrabawa, jinyar yaro ko ta iyaye, ko tashin hankalin da ya raba mutane da garinsu. Kada ki lissafa kwanakin jego a matsayin lokacin karatu don kawai kina hutun haihuwa. A irin wannan hali ki je cibiya ki sanar a rubuce cewa za ki tsallake zango, kada ki biya rajista sannan ki ɓace. Idan kuma bayan zango biyu da kwas biyar kin ga karatun kaɗaici ne bai karɓe ki ba, kina bukatar malami a gabanki, to tsarin ne za ki sauya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, tana haɗa ɗalibanta da masu koyarwa a ƙarshen mako a cibiyoyinta, akwai kuma shirye-shiryen dogon hutu irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake tattara karatun a lokacin da makarantu ke rufe. Na farkon zai cinye Asabar ɗinki, na biyun zai raba ki da gida na makonni. Kowanne za ki zaɓa, ki tabbata hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da digirin kafin ki biya ko sisi.

Ki kuma yi tanadin shekarar ƙarshe tun yanzu. Koyarwar gwaji da firojet suna cin lokaci fiye da yadda yunit ɗinsu ke nunawa, don haka kada ki bar kariyoba ko kwas masu nauyi su taru a can. Ki tambaya tun da wuri ko za a yarda ki yi koyarwar gwajin a makarantarku ko wata ta kusa da gida. Batun firojet ki ɗauko shi daga abin da ke gabanki kullum, kamar fashin ɗalibai ranar kasuwa da lokacin girbi, ko wahalar karatun yara idan ana koyar da su da Turanci. Rajistar ajinki da sakamakon gwaje-gwajen da kike yi su ne bayanan, ki fara adana kwafinsu daga wannan zangon, da izinin hedimasta, ba tare da sunayen yaran ba.